Na Bi Sakina Har Tsibirin Panya

A Oron na fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Ni da na tashi a Keffi, babban ruwan da na sani shi ne Antau, wanda da rani ko zane ba ka naɗewa kake tsallake shi. Binuwai ma da jirgin ƙasa ya haye da mu a Makurɗi, ai ana ganin ɗaya gaɓar. Wannan kuwa sai da na zauna a kan ƙullin kayana ina kallonsa. Na ce a raina, Monika, kin ga abin da baƙin taurin kai ya jawo miki.

Saƙo ne ya kai ni can. Mijina Bulus, Baban Ladi, ya tafi aikin kwantiragi a Panya jim kaɗan bayan samun mulkin kai, lokacin da kowa ka taɓa sai ya ce maka 'yanci. Panya tsibiri ne a tsakiyar teku, a hannun Turawan Sifen, inda ake sare daji ana dasa koko. Shi kafinta ne, ya san itace, sai aka ɗauke shi saran bishiya. Lokacin dawowarsa ya zo ya wuce, shiru. Ran nan sai ga wani mutumin garin Panda da suka tafi tare, Ɗanjuma, ya yi sallama a gidanmu na Angwan Iya. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya ce a kira masa maza biyu cikin maƙwabta. Da suka zo, ya dubi ƙasa ya ce:

"Bulus ya ce in faɗa a gaban shaidu. Ya saki Monika, saki uku. Ya ba ta 'yancinta, ta auri wanda take so."

Na ce, "Saki uku? Musulunta ya yi?"

"A'a, yana nan da carbinsa na coci a wuya."

"To mace ya samu?"

Ɗanjuma ya ce ya rantse masa ba zai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya juya ya fita kamar ana korarsa.

Na san inda Bulus ya samo wannan. A unguwar Liman Abaji ya girma, a gidan wani kafinta Musulmi da ya koya masa aiki, sai da ya zama saurayi aka yi masa baftisma. Mutanen kirki ne, har gobe ina gaishe su, kuma dokarsu dokarsu ce. Amma mu a cocin Katolika aka ɗaura mana aure, ba igiya uku aka damƙa masa ba da zai tsittsinke ya aiko mini kamar saƙon goro. Ni dai abin da zuciyata ta ba ni, wata ce ta juya masa kai. Na bar 'yarmu Ladi wurin mahaifiyata, na ce sai na ji daga bakinsa, kuma sai na ga idon wannan mata.

To, ina zaune a bakin ruwan Oron sai ga wani mutum mai malafa da lema, da haƙorin azurfa. Ya yi mini magana da buroka, wato Turancin kan titi, wadda na ɗan tsinta wurin 'yan kasuwa a Keffi. Ya ce babban jirgi na Kalaba sai mai takardun gwamnati, amma shi yana da kwalekwale mai inji, kafin rana ta faɗi ina Panya. Ya kira ni 'yar'uwa, ya ɗaukar mini kaya da hannunsa. Baƙo ko da ido makaho ne. Na ba shi abin da ya nema, na shiga. Akwai wasu mata a ciki, da samari masu neman aiki.

Yini guda muna ta zagaye a cikin wasu lunguna na ruwa, tsakanin itatuwa masu saiwa a waje kamar ƙafar gizo. Da la'asar ya tsaya a wani yashi, ya nuna mana hayaƙi daga nesa, ya ce ga Panya nan. Ya ce mu sauka da sauri mu ɓuya a ciyawa saboda 'yan sandan Turawa, kaya kuwa zai zagaya ya sauke mana a gaba. Muka kwanta rub da ciki a taɓo, sauro yana cin mu, ba mai iya ko tari. Da muka gaji muka lallaɓa zuwa wurin hayaƙin. Ƙauye ne na masunta. A kan rufin makarantarsu ga tuta tana kaɗawa, kore da fari da kore. Ashe ko Nijeriya ba mu bari ba!

Wata mata cikinmu ta zube tana birgima. Ni dariya ce ta kama ni, irin wadda ta fi kuka ciwo. Zannuwana sun tafi, bargona ya tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, daddawa da kuka da na ƙullo wa Bulus. Faɗa na tafi yi, amma na riƙo masa kayan miya, ku ji wauta irin ta mace. Allah ya isa tsakanina da mai malafar nan, har yau ban janye ba.

A ƙauyen na zauna ina taya wata mata banda kifi. Ba ta jin harshena, ba na jin nata, da hannu muke magana. Hayaƙi ya mai da idona kamar gauta, jikina duk ƙarni, abinci kuwa garin rogo safe da yamma har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar karkashi. Amma matar nan ta ba ni tsohon zanenta, kuma ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ita ta riƙa ɗura mini ruwan ganye. Da ta fahimci miji nake bi, ta nuna nata mijin, ta ja tsaki, ta yi kamar za ta jefa shi a ruwa. Muka yi dariya tare. Mijin nan nata ne daga baya ya ɓoye ni cikin kwandunan busasshen kifi ya ƙetara da ni.

Ƙetarawar nan ba zan iya ba da labarinta ba, don rabinta ban san inda kaina yake ba. Na yi amai har sai da babu abin da ya rage sai ɗaci. Ruwa ya ɗaga mu sama ya sake mu, ya kuma ɗaga mu. Na kira Uwa Maryamu, na kira mahaifiyata, na zagi Bulus da uwarsa da ubansa. Can sai masuncin ya taɓa ni ya nuna gaba. Wani baƙin dutse ne ya tsaya a cikin teku, kansa ya shige gajimare. Wannan karon ba wanda ya ce mini in ɓuya.

Babban garin, Santa Isabel, yana da tsabta da gidaje masu fenti, amma ba a yi shi don irina ba. Na yi ta yawo ba takalmi, ina ɓuya in na hango ɗan sanda. A bayan kasuwa na jingina da wata rumfa don jiri, sai na ji an daka mini tsawa:

"Ke! Ɗauke mini ƙafarki daga kan tabarma, ba ki da ido ne?"

Hausa! Tsawa ce, amma wallahi ban taɓa jin magana mai daɗinta ba. Na fashe da kuka. Mai rumfar, Inna Hajara, tsohuwa ce mutuniyar Yola, ta daɗe a can tana sayar wa fatake tuwo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Af, tamu ce. Zauna, 'yar nan, ci tukun." Da na ƙoshi na kwashe labari na gaya mata.

Ta ce, "Saki uku ai ya gama magana. Me kuma kika biyo?"

"A wurinku ya gama, Inna. Mu namu sai mutuwa."

"Ko ya yi miki me?"

"In zama ya gagara ana iya raba gida. Auren ne dai ba ya kwantuwa."

Ta riƙe haɓa. "Tabɗi! Lallai kuna da aiki. To, ban san dokarku ba, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ga bayan murhu nan, ki riƙa kwana, ki taya ni wanke-wanke."

Daga nan na shiga bin gonakin koko ina tambaya. Ruwan sama a ƙasar nan ba shi da ranar hutu. Na ga 'yan ƙasarmu a jere da adduna, ƙafafunsu duk gyambo, shugaban aiki yana biye da su da bulala. Wasu su yi mini dariya, wani ya ce in mijin ya ɓata shi yana ciki. Wani dattijo da na tambaya ko mutanen arewa suna jure aikin, ya ce mini da Hausarsa ta Lafiya, "Baiwar Allah, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk ɗaya dajin nan yake cinmu." Shi ne kuma ya san Bulus kafinta. Ya ce in je asibitin Sistoci, matan coci masu jinya, in nemi ɗakin baya. Bai yarda mun haɗa ido ba.

Duk da haka ban gane ba. A hanya ina ta shirya zagin da zan yi wa matar, na ɗauka ko ma'aikaciyar asibitin ce.

Wari ne ya fara tarye ni. Ɗaki ne dogo, gadajen ƙarfe a jere, na waɗanda aka sallama wa Allah. Na wuce shi ban gane shi ba, sai da ya ce "Monika" sannan na waiwaya. Bulus da ke ɗaukar gungume shi kaɗai, ga shi kwance kamar an shanya riga. Ya juya fuska ga bango.

"Me ya kawo ki? Ɗanjuma bai faɗa miki ba?"

"Ya faɗa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi."

"To ki ji. Na sake ki, na sake ki, na sake ki."

Na ce, "Ka gama? In ba ka gaji ba ka kai ɗari."

Sai ya fizge mayafin da ya rufa da shi. Ƙafafunsa sun tsotse kamar kara, ƙarƙashinsa a jiƙe. Ya ce, "Duba da kyau. Bishiya ce ta faɗo mini a baya. Daga ƙugu zuwa ƙasa gawa ne. Fitsari ya zo ban sani ba, kashi ya zo ban sani ba. Ba zan ƙara zama miki miji ba, Ladi ba za ta yi ƙane ba. Ke yarinya ce. Sun so su mai da ni gida na ƙi, don kada in zame miki kaya. Don ina son ki na yi, Monika. Ki tafi."

Na ɗauka tausayi zai kama ni. Ina! Wani irin fushi ne ya taso mini har kunnena yana ƙara. Na ce, "Wato ka kwanta a nan ka yanke mini hukunci kai kaɗai. Ka zaɓa mini abin da zan iya da abin da ba zan iya ba. Wa ya tambaye ni? Da mace ka samu da na fi gane maka!" Na fita waje na durƙusa a cikin ruwan sama, a nan kukan ya zo.

Ni ba na iya zama da magana a ciki. Na ji ana cewa jirgin Kalaba zai tashi a makon, kuma ana mai da marasa lafiya kyauta. Na roƙi Inna Hajara ta ba ni ƙarti biyu cikin masu yi mata dako, muka zo da tsohon ƙyaure. Na ce su ɗora shi a kai. Da suka kama shi, Bulus ya rungume ƙarfen gado da hannu biyu, ya kurma ihu irin wanda ban taɓa ji a bakin namiji ba. Suna ja, gadon yana biyo su. Yana cewa, "Ku kashe ni a nan! Ni ba buhu ba ne!"

Ana cikin haka sai ga Fada, limamin cocin da ke zuwa duba marasa lafiya, wani tsohon Bature. Ya ce a sauke shi. Ya ja ni baranda, ya yi mini magana da buroka a hankali, don ya ga ba ta zauna mini sosai ba.

Ya ce, "Ranar aurenku, wa ya ɗauko ki ya kai ki gaban bagade a coci?"

"Ƙafata."

"Da ƙarti biyu ne suka kawo ki a kan ƙyaure fa?"

"Da Fadanmu bai ɗaura ba. Sai da ya keɓe ni ya tambaye ni ko akwai wanda ya matsa mini."

"To shi ma haka. Ƙafarsa ce ta mutu, yardarsa tana nan da rai."

Na ce, "To ku gaya masa sakinsa banza ne! Ku ba shi umarni, ai zai ji maganarku."

"Na gaya masa tun kafin ki zo. Ba shi da abin da zai kwance. Ke kika ba da kanki, shi ya ba da kansa, kuma kyauta kuka yi, ba aro ba. Amma ki ji sauran. Coci bai ɗaure ki a ƙafar gadon nan ba. In kin koma gida kin riƙe 'yarki, ba ki yi zunubi ba, matarsa ce ke a can kamar yadda kike a nan. In za ki zauna, ki zauna don kin so. Abin da ba ki da iko a kai shi ne ki sa shi ya karɓa. Allah ma da ya fi ki ƙarfi, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sallama."

Na ce, "Fada, da ganinka ba ka taɓa aure ba."

Ya yi dariya har da tari, ya ce gaskiyata. Ni kuwa haushinsa na ji, don na so ya ce mini dole ne. Da ya ce dole, da na sami wanda zan ɗora wa laifin wahalata. Sai ya bar ni da kaina. Shi ne dai ya yi mini hanya wurin hukuma aka daina farautata, ya kuma roƙi Sistoci suka ba ni aikin wanki.

Jirgin ya tashi ba mu. Wanda ya biyo bayansa ma ya tashi. Ina wanke zannuwan gado masu jini da ruwan gyambo har fatar hannuna ta saɓule, ga ba ranar da za ta busar da su. Da rana in kawo wa Bulus tuwon Inna Hajara, ya ture kwanon, in miƙa wa mai gadon kusa da shi. In zo juya shi saboda gyambon da ya huda masa baya, ya ce Sista ta zo ta yi. Bai ƙara kiran sunana ba, sai dai "gaya wa matar nan". Akwai ranar da ya watsa mini ruwan sha a fuska. Na ɗaga hannu zan mare shi, na tuna ba zai iya ko kaucewa ba, na sauke.

Kewar Ladi kuwa kamar ta kashe ni. In na ga yarinya mai tsayinta a kasuwa sai in bi ta da ido har ta ɓace. Na san mangwaro ya nuna a Keffi, na san wa zai tsinko mata, ba ni ba. Inna Hajara takan ce, "'Yar nan, kin yi iya yinki, ko Allah ya gani. Ki koma wa 'yarki." Ba ƙarya ta faɗa ba. Ranar da jirgi zai tashi nakan je bakin ruwa in tsaya in ga ana shiga. Ba wanda ya riƙe ni. Sai in ga na juyo, in koma wurin wankina ina zagin kaina.

A gadon da ke kusa da na Bulus akwai wani mutum da tarin jini ya cinye. Ba wanda ya san garinsu sosai, ba wanda ya taɓa zuwa duba shi. Shi ke cin tuwon da Bulus ke turewa. Wata ranar Lahadi da hantsi, Sistoci suna coci, ya fara shure-shure. Na ajiye bokiti na riƙe masa hannu. Yana ta kiran wani suna, na mace ne ina ji, sai na riƙa amsawa. Da ya cika na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da gefen ɗankwalina. Ina juyowa na ga Bulus yana kallona, karo na farko ido cikin ido.

Ya ce, "Monika."

Na ce, "Ashe ka tuna sunan."

"Wa ya sa ki zama? Fada ne? Ko tsoron wuta kike yi?"

"Fada cewa ya yi in na tafi ba ni da zunubi. Inna Hajara kullum korata take."

"To tausayi ne."

"Tausayin me? Kai ko tausayi ba ka bari a ji maka. Bari in gaya maka gaskiya, Baban Ladi. Kana wari. Bakinka kuma ya fi gyambonka ɗoyi. Kullum gari ya waye sai na tambayi kaina, in tafi ko in zauna? Hanya a buɗe take, na san ranar jirgi. Kullum kuma sai in ga kai nake so. Ka ce ka ba ni 'yanci, to ga abin da na yi da shi. Naka ya rage."

Ya daɗe yana kallon gadon mamacin. Hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne, bai share ba. Can ya ce, "Bayana yana ciwo. Ki juya ni."

Na juya shi. Kashegari ya ci tuwo. Bayan 'yan kwanaki, ina shafa masa magani, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ina so in ga Ladi. In kin yarda, ki kai ni gida." Sista babba ta ja ni gefe ta ce gyambon ya shiga jini, hanya za ta iya ƙarasa shi. Na gaya masa yadda ta faɗa, ban rage komai ba. Ya ce ya ji, kuma yana so. Fada ya zo ya shafa masa mai, ya ba mu Jibin Ubangiji tare. Inna Hajara ta ƙulla mana dambun nama, ta raka mu har bakin jirgi tana faɗa wai na bar ta da wanke-wanke, tana share ido da mayafi.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Daga Kalaba zuwa Aba a bayan babbar mota, kowane rami sai ya cije leɓe har jini. A tashar jirgin ƙasa ta Aba mai duba tikiti ya toshe hanci, ya ce ba za a shigar da wannan cikin mutane ba. Ya dube ni ya ce ni wace ce, 'yar aikin asibiti? Kafin in buɗe baki, Bulus ya ɗago kai daga tabarma ya ce da ƙarfin da ban san yana da shi ba, "Matata ce." Wasu sojoji 'yan arewa da ke wurin suka sa baki, suka ɗauke shi da kansu suka shimfiɗa shi a kan benci.

Tun daga Inugu zazzaɓi ya rufe shi. A Makurɗi ya farfaɗo, na ɗaga shi ya ga Binuwai ta taga, ya ce yanzu ya ji ƙanshin gida. Muka sauka a Gudi da rana tsaka, muka sami motar doya mai zuwa Keffi. Na zauna a kan buhu na ɗora kansa a cinyata. Yana ta tambayata ko Ladi za ta gane shi, ko ta yi wayo, ko har yanzu tana tsoron akuya. Mun wuce Garaku kaɗan ya ce in gyara masa wuya. Na gyara. Ya ja numfashi, ban ji ya sake shi ba.

Na san halin direbobi. In suka ji akwai gawa a mota, a nan za su sauke ka a bakin daji, fasinja ma ba za su yarda ba. Saboda haka ban yi kuka ba. Na ja mayafi na rufe masa rabin fuska kamar mai kare rana, na ci gaba da yi masa hira. Na gaya masa Ladi ta iya ɗebo ruwa. Na gaya masa rufin ɗakinmu yana yoyo ta gabas. Wata mata da ke gefena ta ce, "Maigidan ya sami barci?" Na ce, "Ya samu." Ta dubi ƙafarsa, ta dube ni, ta gane. Sai ta matso ta zauna yadda yaron mota ba zai hango mu ba. Haka muka shiga Keffi, yana yin sanyi a cinyata. Ladi ta ga ubanta, shi ne bai gan ta ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ina zaune a tsakar gida cikin mata, na rame har zobena yana zamewa, sai kawuna ƙanen mahaifiyata ya zo ya tsaya a kaina. Ba mugu ba ne, tausayina ne ya ishe shi. Ya ce, "Monika, dubi yadda kika koma. Kin ƙetare teku, kin bar 'yarki, kin dawo da gawa. Mutumin nan da bakinsa ya sallame ki. Da kin karɓa, da duk wannan bai same ki ba."

Matan suna jiran in yi kuka. Na gyara baƙin ɗankwalin da ke kaina na ce, "Kawu, da na karɓa, yau wa zai sa masa baƙi?"